Zazzaɓin sida a tsakiyar Texas: yadda iskar hunturu ke buɗe bishiya ta kwantar da mutane

A mafi yawan sassan Amurka, shigowar hunturu hutu ne ga masu fama da alaji, wato tunzurar jiki da abin da ba ya cutar da wasu. Ciyawa ta bushe, bishiyoyi sun kakkaɓe ganye, ba abin da ke fure balle ya saki bununi. A tsakiyar jihar Texas kuwa a lokacin ne wahalar ke somawa. Daga tsakiyar Disamba har cikin Fabrairu, mutanen Austin da San Antonio da ƙauyukan da ke kan tuddai yamma da su sukan shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe, maƙogwaro ya yi kaushi, jiki ya mutu. Suna kiran abin zazzaɓin sida (cedar fever da Turanci), da sunan wata bishiya da suke ce wa sida, ba ruwansa da cutar ƙanjamau. Yakan fi tsanani wajen tsakiyar Janairu, amma ba kullum yake zama ɗaya ba: yau mutum ya tashi garau, jibi ya kasa buɗe ido. Abin da ke raba ranar sauƙi da ranar wuya shi ne yanayin sama, kuma shi ya sa na ga lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Bishiyar da ƙasarta

Bishiyar da ke haddasa wannan nau'in junifa ce, sunanta na kimiyya Juniperus ashei, an raɗa mata shi ne don tunawa da wani masanin gandun daji, William Willard Ashe. Mutanen wurin sida suke ce mata. Ba ta da tsawo sosai, tana da rassa tun daga ƙasa, kuma ba ta zubar da ganye ko da sanyi. Cibiyarta tudun Edwards, ƙasa mai farin dutse da ƙasar noma marar kauri, inda ta mamaye miliyoyin eka. Akwai ta kuma a duwatsun Arbuckle na kudancin Oklahoma, da wasu sassan Arkansas da Missouri, da arewacin Meksiko.

Tana da namiji da mace daban-daban. Macen na yin 'ya'ya shuɗaye waɗanda tsuntsaye ke ci su yaɗa irin. Namijin shi ne mai bununi, wato ƙurar barbara. A ƙarshen kowane ɗan reshe yakan fitar da ɗan ƙwanso da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma kowane ɗaya na ɗauke da ƙwayoyin bununi dubu ɗari-ɗari. Babbar bishiya guda na iya sakin biliyoyi a kaka ɗaya. Idan Disamba ta kama, daga nesa ma ana gane mazan: korensu ya rikiɗe zuwa ruwan tsatsa saboda yawan ƙwanson da ya nuna. Ba ƙudan zuma ke kai mata barbara ba, iska ce, kuma duk tsiron da ya dogara da iska dole ya yi ɓarnar bununi, don ƙwaya ɗaya cikin dubbai ce za ta dace da mace. Ragowar kuwa hancin mutane ne ke karɓa.

Wurin zaman biranen ya ƙara dagula lamarin. Austin da San Antonio suna gindin gangaren Balcones ne, daidai inda tudun ya ƙare. Dajin sida na yamma da Austin, yana arewa da arewa maso yammacin San Antonio. Duk iskar da ta taso daga wannan ɓangare sai ta ratsa dajin kafin ta iso gari.

Kwana uku na iskar arewa

Hunturun tsakiyar Texas ba sanyi ne mai ɗorewa ba. A Janairu zafin rana a Austin yakan kai digiri 16 ko 17 a ma'aunin Salshiyas, da dare ya sauka wajen 5. Amma daga Kanada har Texas fili ne shimfiɗaɗɗe, babu tsaunin da ya gitta ya tare hanya, don haka lokaci-lokaci tarin iska mai sanyi kan gangaro kudu da gudu. A cikin sa'o'i kaɗan ma'aunin zafi na iya faɗuwa da digiri goma ko fiye. Wannan saukowar ita ce mabuɗin lamarin, sai dai ba ta hanyar da mutane da yawa ke zato ba.

Kafin ta iso, sau da yawa iska daga kudu take busowa, daga Tekun Meksiko, da ɗumi da laima, wani lokaci da hazo ko yayyafi. Ƙwanson namijin sida ya nuna, amma laima ta riƙe shi a rufe. Ƙididdigar bununi a irin wannan rana takan yi ƙasa, masu alaji su ɗan numfasa.

Sai iskar ta juya. Idan ta zo da ruwa, ruwan ya wanke abin da ke yawo a sama, a ƙara samun sauƙi na rana guda. Daga nan ne fa abin ke ɓaci. Bayan wucewarta sama takan washe tas, laima ta gudu, rana ta fito, iska kuma tana kaɗawa da ƙarfi daga arewa ko arewa maso yamma. Busasshiyar iska na tsotse ruwan da ke jikin ƙwanso, ɓawonsa ya takure ya buɗe, 'yan jakunkunan bununi su tsage. Da hantsi, idan raɓa ta bushe, sai ka ga iska ta girgiza bishiya ɗaya, wani abu fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa ya tashi daga jikinta ya turnuƙe, ta kusa da ita ma ta saki, har gangaren tudu gaba ɗaya ya yi kamar ana ƙona daji. Baƙon da bai san wurin ba yakan zaci gobara ce. Da yamma gilashin motar da aka ajiye a waje ya yi ƙura, ka sa yatsa ka ja layi a kai.

Wanda ya san hunturun Kano ko na Damagaram ya san yadda busasshiyar iskar arewa ke tsage leɓe ta busar da wanki cikin ɗan lokaci. Irin wannan bushewar ce ke buɗe ƙwanson sida, bambancin kawai a can ba ta ɗaukar watanni a jere, zuwa take ta koma, kuma kowane zuwa da rabonsa na bununi.

Abin lura a nan, sanyin kansa ba shi ke sakin bununi ba. Idan ma ya yi tsanani har ruwa ya daskare, bishiyar dakatawa take. Ƙwanson da ya nuna yana nan yana jira, ranar da gari ya ɗan ɗumama kuma iska ta bushe sai ya saki na jiya da na shekaranjiya a lokaci guda. Saboda haka kwanakin sanyi ko na ruwa a jere ba sa rage yawan bununin kakar, tara shi suke yi. Mutumin da ya ga an yi kwana huɗu ana yayyafi ya ajiye maganinsa, shi ne wanda rana ta biyar za ta fi bugawa.

Tsananin sanyin da ya afka wa Texas a tsakiyar Fabrairun 2021, wanda ya katse wutar lantarki ga miliyoyin mutane kuma hukumomin jihar suka ƙidaya mutum 246 da suka rasu a dalilinsa, ya riƙe Austin ƙasa da ma'aunin daskarewa kusan kwana shida. Sai dai ya zo ne a lokacin da kakar sida ke ƙarewa bisa al'ada. Irin wannan sanyi ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba shi da alƙawarin zuwa a makonnin da ƙwanso ke cike. Dogaro da cewa sanyi zai kashe bununin bana dogaro ne da abin da ba ya hannun kowa.

Akwai kuma hannun watannin baya. Ƙwanson da zai buɗe a Janairu tun ƙarshen bazara da kaka yake haɗuwa, don haka ruwan da aka samu a lokacin na da tasiri kan yawansa. Fari mai tsanani na kashe bishiyar ma dungurungum: bayan farin 2011, hukumar gandun daji ta Texas A&M ta ƙiyasta cewa bishiyoyi kimanin miliyan 300 suka mutu a dazuzzukan jihar, kuma junifa na cikin waɗanda abin ya shafa sosai. Ruwan baya shi ke yanke yawan abin da ke cikin rumbu, iskar hunturu ita ke yanke ranar buɗe shi da inda za a kai shi.

Inda iska ta kai shi

Ƙwayar bununin sida ƙarama ce ainun, faɗinta tsakanin maikuron 20 zuwa 30 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ba nauyi, don haka idan ta hau sama takan daɗe ba ta sauko ba. Iskar arewa maso yamma na zubo ta kan San Antonio da Austin. Bayan kwana ɗaya ko biyu kuma iskar kan sake juyawa ta taso daga kudu ko kudu maso yamma tun laima ba ta gama dawowa ba, sai ta kwashi bununin ta yi arewa da shi, ta bi ta Dallas ta shiga Oklahoma.

Wadda ta fi kowa bin diddigin wannan tafiya ita ce Estelle Levetin ta Jami'ar Tulsa da ke Oklahoma. Tun shekarun 1980 na'urorinta ke kama bununin junifa a Tulsa cikin Disamba da Janairu, lokacin da babu wata junifa ta yankin da ke fure. Dajin Juniperus ashei mafi kusa ta kudu yana Arbuckle, kimanin kilomita 200, babban dajin na Texas kuma ya haura kilomita 600. Da aka haɗa ranakun da bununin ya bayyana da bayanan iska, sai aka ga yana zuwa ne idan iska ta taso daga kudu. Daga ƙarshen shekarun 1990 ita da abokan aikinta suka riƙa fitar da hasashen kullum, suna duba ko yanayi ya dace da sakin bununi a dajin, sannan su yi amfani da manhajar HYSPLIT ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, su zana hanyar da iskar za ta bi.

Tafiyar ba ta tsaya a Oklahoma ba. A Janairun 2014 wata na'ura a birnin London na lardin Ontario a Kanada ta kama bununin junifa a tsakiyar sanyi, lokacin da ba abin da ke fure a can. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2017 ya tabbatar da cewa na Juniperus ashei ne, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000.

Wannan shi ya sa nake ganin sare namijin sida da ke tsakar gidan mutum ba magani ba ne. Zai iya rage abin da ke zuba a bakin ƙofa, amma abin da ya isa Kanada ba katangar gida za ta tare shi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

A jikin bununin akwai wani furotin da ake kira Jun a 1, shi ne babban mai laifi. Masu bincike a reshen likitanci na Jami'ar Texas da ke Galveston ne suka ware shi suka bayyana shi a 1999. Idan jikin mutum ya ɗauke shi a matsayin abokin gaba, garkuwar jiki takan ƙera masa sojoji na musamman da ake kira IgE, su maƙale a wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanci da ido. Duk ranar da bununi ya sake shigowa, waɗannan ƙwayoyi su fashe su zubo histamin, shi ne mai kawo ƙaiƙayi da atishawa da kumburi da yoyon majina. Furotin ɗin ɗan'uwa ne na kusa ga wanda ke cikin bununin bishiyar sugi ta Japan da na bishiyar saifires ta ƙasashen Bahar Rum, don haka wanda ya kamu da ɗaya yakan yi fama da ɗayan.

Yawan abin ne ke sa ko wanda ba ya fama da wata alaji ya ji a jikinsa. A ma'aunin da likitocin alaji na Amurka ke amfani da shi, idan bununin bishiya ya kai ƙwaya 1,500 a kubik mita ɗaya na iska, an shiga matakin ƙoli. A ranakun da sida ta saki sosai, ƙididdigar Austin da San Antonio na haura 20,000. Saboda tsananinta, da kuma kasancewar kusan babu wani bununi a iska a lokacin, kamfanonin magani sun daɗe suna gwada sababbin magungunan alajin hanci a wannan yanki cikin hunturu.

Sanyi na ƙara nasa ta wata hanya. Busasshiyar iska mai sanyi ita kaɗai ma tana fusata fatar cikin hanci da hanyoyin numfashi, tana iya tayar da fuka. Kuma hancin da ya kwana biyu yana shaƙar bununi yakan ƙara saurin tunzura, ta yadda ɗan abin da bai dame shi ba a Disamba zai iya kwantar da shi a ƙarshen Janairu. Mai fuka shi ne abin ji a nan, don nasa ba ya tsayawa a hanci, yana sauka ƙirji.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke komawa Texas da zama, akwai wani tarko. Baƙo sau da yawa yakan wuce hunturun farko lafiya lau, ya ɗauka abin ba ya kama shi. Jikin yana koyon abokin gabarsa ne a wannan lokacin, sai a shekara ta biyu ko ta uku abin ya bayyana. Kuma wanda ya taso inda duk mutuwar jiki ake fara zargin zazzaɓin cizon sauro ko mura, ba lallai tunaninsa ya je kan bishiya ba.

Hunturun 2021 zuwa 2022 ya nuna yadda ruɗanin ke iya yin muni. Shekara ce ta La Niña, wato sanyayar ruwan Tekun Fasifik, wadda ta saba kawo wa Texas hunturu mai ɗumi da bushewa, kuma Disambar 2021 ita ce Disamba mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar har zuwa lokacin. A daidai waɗannan makonni nau'in korona na Omicron ya bazu, shi ma da yoyon hanci da atishawa da kaushin maƙogwaro. Mutum ya tashi da majina bai san ko ya tafi aiki ko ya killace kansa ba. Alamomin da likitoci suka riƙa nunawa su ne: alajin sida na zuwa da ƙaiƙayin ido da na hanci, majinarsa tsinkakkiya ce fara, kuma duk da sunan da aka ba shi ba ya ɗaga zafin jiki sosai. Idan ma'auni ya haura digiri 38.6, ko ga ciwon gaɓoɓi, to wani abin ne daban, a je a yi gwaji.

Ƙididdigar jiya da hasashen gobe

Gidajen talabijin na Austin da San Antonio na karanta ƙididdigar bununi kullum tare da rahoton yanayi, kuma mutane da yawa da ita suke tsara ranarsu. A nan ne nake ganin ake yin kuskure mafi girma. Na'urar da ake aunawa da ita zuƙar iska take yi, ko ta wulwula wasu sanduna masu danƙo, bununi ya manne, sannan wani ya zauna gaban madubin ƙara girma ya ƙirga. Adadin da aka faɗa da safiyar yau na sa'o'i 24 da suka wuce ne. Idan jiya an yi yayyafi, za a ce bununi ya yi ƙasa, alhali a waje sama ta washe, iska ta juyo daga arewa maso yamma, bishiyoyi sun fara saki. Mai alaji ya fi amfana da ya dubi hasashen gobe: shin iskar arewa na tafe, shin laima za ta faɗi, daga ina iska za ta taso. Waɗannan su ke gaya masa abin da zai shaƙa kafin ya shaƙa.

Maganin ma haka yake son a riga shi. Feshin hanci irin fluticasone ba ya aiki nan take, yana buƙatar kwanaki kafin ya kai ƙarfinsa, shi ya sa likitocin yankin ke cewa a fara shi tun mako biyu kafin kakar sida, wato wajen farkon Disamba, a kuma ci gaba ko a ranakun sauƙi. Ƙwayoyi irin cetirizine da loratadine da fexofenadine na rage ƙaiƙayi da atishawa. Wanke hanci da ruwan gishiri na fitar da abin da ya manne, amma da ruwan da aka tafasa ya huce ko tataccen ruwa, ba na famfo kai-tsaye ba. Feshin buɗe hanci irin oxymetazoline kuwa kada ya wuce kwana uku, in ba haka ba toshewar za ta dawo fiye da da. A ranar iska a rufe tagogi, kada a shanya wanki a waje, wanda ya dawo gida ya sauya kaya ya wanke gashi kafin ya kwanta, don matashin kai na tara bununi. Takunkumin fuska mai kyau na tare mafi yawansa.

Me ya sa ba a share dajin ba?

Duk Janairu sai an ji masu cewa a sare bishiyar a huta. Haushinsu na da dalili, amma tarihin wurin ya nuna ba bishiyar kaɗai ce ta kawo kanta ba. 'Yar ƙasa ce, ba shigo da ita aka yi ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 gobarar daji kan ratsa filayen ciyawa lokaci-lokaci ta ƙone ƙananan sida. Da aka kawo garken shanu da tumaki suka cinye ciyawar da wuta ke ci, aka kuma shiga kashe duk wutar da ta tashi, sai bishiyar ta samu filin bazuwa. Masu kiwo na rage ta da sara da ƙona fili bisa tsari, kuma idan aka sare ta ƙasa da reshen kore na ƙarshe ba ta sake toho. Sai dai tsohon dajinta gida ne ga wani ɗan tsuntsu mai kunci ruwan zinariya wanda ba ya sheƙa ko'ina a duniya sai tsakiyar Texas, da zaren ɓawon tsofaffin sida yake saƙa sheƙarsa, kuma tun 1990 yana cikin jerin halittun da dokar Amurka ke karewa. Saiwoyinta ne kuma ke riƙe ƙasa a kan gangaren dutse. A ganina rage ta a filayen kiwo aiki ne mai ma'ana don amfanin ƙasar, amma kada a sayar wa masu atishawa da shi a matsayin waraka.

Japan ta zaɓi wata hanya saboda matsalarta daban ce. Sugin da ke addabar ta dasa shi aka yi da gangan bayan Yaƙin Duniya na Biyu don katako, kuma binciken 2019 ya nuna kusan kashi 39 cikin 100 na mutanen ƙasar na fama da alajinsa. A 2023 gwamnatin Fumio Kishida ta tsara rage dazuzzukan sugin da aka dasa da kashi 20 cikin 100 a shekara goma. Gandun da aka dasa ana iya girbe shi a sake dasa wani, ba kamar dajin Texas da ya tsiro da kansa a filayen dubban mutane masu zaman kansu ba.

Alamu kuma ba sa nuna sauƙi na tafe. Wani nazari da William Anderegg ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, ya duba tashoshin ƙidaya a Arewacin Amurka daga 1990 zuwa 2018, ya gano kakar bununi na somawa kimanin kwana 20 da wuri, ta kuma ƙara tsawo, yawansa kuma ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, Texas na cikin wuraren da ƙarin ya fi fitowa fili. Ga wanda magungunan kanti suka kasa, abin da ya rage shi ne allurar sabar da jiki, inda ake ba shi ɗan ƙanƙanin ruwan bununin ana ƙarawa a hankali har garkuwarsa ta daina tunzura. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, kuma sai an yi watanni kafin a ga amfaninta, don haka mai son ya ga bambanci a Janairu mai zuwa, tun ana gama kakar bana ya kamata ya je wurin likitan alaji a yi masa gwajin fata.